Sallau Ya Tashi

Unguwal Sabara, kusa da Kore Mairuwa
Wata guda kafin Layya, 1956

Daga Altine, ta hannun Malam Tukur, zuwa ga ƙanenta Maikano, tsohon soja, mai tsaron mangaza, wato babban ɗakin ajiyar gyaɗa, a bakin teku a Dakar.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka sau uku, shuka ta fito. Kawu Umaru yana gaishe ka, ƙafar nan tasa ce dai ba ta bar shi ba. Ladidi matar Sallau tana gaishe ka, ita da ɗiyarta Fati da ba ka taɓa gani ba.

Bayan haka, shekara ɗaya da rabi ke nan ba mu ga takardarka ba. Ba don wani mutumin Kieshe da ya dawo daga can ya ce ya gan ka da idonsa ba, da tuni mun yi maka sadaka. Ban san abin da muka yi maka ba. Amma ba faɗa ya kawo ni ba, albishir ne.

Sallau ya tashi.

Ba ka ma san ya kwanta ba, tun da ba ka tambaya. Tun bayan girbin bara ƙanenmu ya shiga ɗaki ya juya fuska ga bango. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Wata bakwai cur. In Ladidi ta kai fura sai ta ɗura masa kamar ɗan yaye. In an yi masa magana sai ya ce shi gawa ce da aka manta ba a rufe ba. Ƴan bori suka duba suka ce Doguwa Baƙa ce ta zauna masa a ƙirji. Aka yi wasan bori kwana uku, aka yanka baƙar akuya.

Ranar da ruwan fari ya sauka sai ga shi tsakar gida yana wasa hauya yana dariya. Ya shuka gonarsa, ya shuka ta Kawu, ya shuka ta tsohuwa Zalihatu da ba ta da kowa. Har gonar Baba ta gindin dutse, wadda ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa, ya sassabe ta shi kaɗai. Ba ya gajiya. Ladidi ta ce barci ma ba ya so, wai na wata bakwai da ya yi ya ishe shi. Ya koma waƙa, ya koma barkwanci, jiya ya ba matan rijiya dariya har tulun Talatu ya suɓuce ya fashe.

An ce Doguwa Fara ce ta ƙwace shi daga hannun ƴar'uwarta, ita kuwa farin ƙyalle ake ba ta. Malam Tukur ya ce in gaya maka bai rubuta wannan da son ransa ba, amma ya rubuta. Ka aiko mana da farin yadi kamu shida, na Dakar mai kyau, mu yi godiya.

Yayarka Altine.

*

Dakar
Bayan Layya da kwana biyar

Yaya Altine,

Takardarki ta iso. Na gode Allah da kuna lafiya. A gaishe da Kawu, a ce masa ya rage zuwa kasuwa ko ƙafar ta huta. A gaishe da Ladidi, a shafa mini kan Fati. Ni lafiya, sai gajiya, da wanga gari da ko ruwa ya sauka ba ka jin ƙamshin ƙasa sai warin kifi.

Kin ce ban tambaya ba. Gaskiya ne. Ku ma wata bakwai yana kwance ba ku ga dalilin ɓata tawada ba, sai da aka bukaci yadi. Na faɗa ne don ya fita daga raina, ba don in ci mutuncinki ba. Na san ke kika riƙe gidan nan tun ina yawo da bindigar wasu a ƙasashen da ba ki taɓa jin sunansu ba.

Da na karanta "Sallau ya tashi" na yi hamdala. Da na karanta abin da ke ƙasa na ajiye takardar na fita waje, na daɗe tsaye. Yaya, wane tashi? Akwai tashin da marar lafiya ke yi in ya samu sauƙi, akwai kuma wanda ake cewa ciwonsa ya tashi. Kalma ɗaya ce, kuma ina tsoron a kan na biyun kuka yi guɗa.

Ki ja Ladidi gefe, ba gaban mutane ba, ki tambaye ta. Yana barci, ko gari ke waye masa yana kai da kawo? Yana zama ya ci tuwo, ko a tsaye yake haɗiya? In yana magana ana samun wurin sa baki? In an ce masa a'a, dariyar tana juyewa faɗa nan take? Ya fara rabon kayansa? Ta ƙarshe kuma ita ce babba: ya fara zancen haƙa rijiya?

Shekarar da fara ta cinye hatsi ke kina Sukukutane wurin Goggo, ba ki ga Baba a watanninsa na ƙarshe ba. Sallau yana goye a bayan Inna. Ni na gani. Ba zan wuce nan ba yanzu, don na san a gindin gawo za a karanta takardar nan, gaban mai jin Hausa duka.

Yadi ba zan aiko ba. Ba rowa ba ce. Ba zan yi godiya ga abin da nake ganin bai gama da mu ba.

Ku tsare shi, Yaya. Don Allah ku tsare shi, kada ku bari ya riƙa zuwa gonar gindin dutse.

Ƙanenki Maikano.

*

Unguwal Sabara
Hatsi ya fitar da kai

Daga Altine, ta hannun Malam Tukur.

Ina gaishe ka. Damina ta yi kyau. Mu ne ba mu da lafiya, ba zan yi maka ƙarya ba.

Da aka karanta takardarka a gindin gawo mutane suka yi ta dariya. Kawu ya ce, "Soja ya sha ruwan Nasara ya manta da iskokin gidansu." Talatu ta ce hassada ce, ƙane ya noma gona huɗu wa yana can yana kallon buhunan wasu. Ni ma na ji haushinka, kwana biyu ban ambaci sunanka ba.

Kwana goma bayan nan Sallau ya ɗauki dagi da igiya ya nufi gonar gindin dutse. Ya ce ruwa na kiransa daga ƙasa, yana jin sa kamar ganga daga nesa, zai haƙa rijiyar da Arewa duka za ta sha har da shanun Fulani. Shi kaɗai, tsakiyar damina, ga ciyawa na cin gonakin da ya shuka. Ramin ya kai gaba huɗu. Ranar kasuwar Kore Mairuwa ya buɗe rumbu ya ɗora sauran hatsin da muke ci kafin kaka a kan jakin Kawu, ya kai kasuwa ya rabar, yana cewa yunwa ta ƙare a duniya. Da Kawu ya riƙe masa hannu sai ya ture shi, tsoho ya faɗi a kan ƙafar nan mai ciwo gaban jama'a. Sannan ya ce gobe zai tafi Dogon Dutsi ya ce wa kwamanda, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sauka shi ya hau, don shi ruwa ya zaɓa.

Kawu ya sa Malam Tukur ya sake karanta takardarka. Da aka zo wurin da ka ce a tsare shi, ya ce, "To kun ji. Wansa ma da ya ga duniya ya ce a tsare shi." Aka kira maƙeri. Maza shida suka danne shi. Yau kwana goma sha tara yana cikin mari, an haɗa shi da wani kututture a bayan ɗakin Ladidi. Ƙarfen ya ci masa idon sawu. Yana waƙa, yana zagi, yana kiran sunanka yana cewa kai ka sa aka ɗaure shi. Fati ta daina zagayawa bayan ɗaki. Ƴan bori sun ce Fara ce ta yi fushi don ba a ba ta yadinta ba, kuma kowa ya san wanda ya hana.

Ni ba wannan ya hana ni sukuni ba. Maikano, ka rubuta zancen rijiya tun kafin ya taɓa dagi. Babu wanda ya gaya maka, don babu abin gaya wa a lokacin. Yaya aka yi ka sani? Na ce wa Malam Tukur in amsarka ta zo ya kira ni ni kaɗai. Ka faɗa mini.

Yayarka Altine.

*

Dakar
Watan Mauludi

Yaya Altine,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gida. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa yau. Malam Tukur, don girman abin da ka karanta, ka sallami kowa sai ita.

Na ce ku tsare shi kamar yadda ake tsaron yaro kusa da wuta. Ido nake nufi, ba ƙarfe ba. Kwana uku ina zagin Kawu a raina. Rana ta huɗu na zauna na ga ni na zaɓi kalmar, ni da aikina ke nan tsaro, ni da na gama yi muku wa'azi a kan kalma mai baki biyu. Tsohon da aka ka da shi tsakar kasuwa, aka ce za a je a tsokano masa kwamanda, me zai yi? Laifin nan mu raba shi, ni in ɗauki babban kashi.

Kin tambayi yadda na sani. Ta hanya biyu.

Shekara ɗaya da rabin nan da ban rubuto ba, ba fushi nake ba. Wata biyar daga ciki ina asibiti, ɗakin masu taɓin hankali. Sauran kuma kunya ce ta hana ni ɗaukar alƙalami. Ni ma na tashi, Yaya. Kwana tara ban runtsa ba, ban kuma ji gajiya ba. Abin da ba wanda zai gaya miki shi ne daɗinsa: ban taɓa jin duniya ta yi mini daidai kamar kwanakin nan ba. Na ji kamar duk harsunan bakin teku na iya su. Na rabar da rigunana da lambar yaƙina ga ƴan dako. Na hau saman mangaza ina daga wa jiragen ruwa hannu, ina ce musu su juya su nufi Dogon Dutsi, ni zan buɗe musu hanya. Ruwa dai, kin gani. Mu ƴan gidan nan ko haukanmu ruwa yake nema. Idi, wani mutumin Tibiri da muke tsaro tare, shi ya sauko da ni da dabara. Ya ce jiragen sun yarda, amma sai na sauko na sa hannu a takarda.

Bayan tashin sai faɗuwa. Wata uku ina kallon bango, ina ce wa masu jinya ni gawa ce da aka manta ba a rufe ba. Maganar Sallau ke nan harafi da harafi, ga shi ban taɓa jin ta a bakinsa ba, shi ma bai ji a nawa ba.

Lokotoron da ya duba ni wani mai furfura ne da ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni ta bakin tafinta ko na taɓa yin haka. Na ce a'a. Ya ce in yi tunani. Sai na tuna wata biyu a yaƙin Indoshin da aka riƙa nuna ni ana cewa ga namiji, ba ya barci ba ya tsoro, da watannin bayansu da aka ce na zama malalaci. Ya tambayi ubana. Sannan ya ɗauki fensir ya ja layi mai hawa da sauka, ya ce ba ciwo biyu ba ne, ɗaya ne, su suna ce masa maniyako-defiresif. Ya ce yana bin jini a wasu gidaje, ba sammu ba ne, ba alhaki ba ne. Na ce masa a garinmu mata biyu ne, Fara da Baƙa. Bai yi dariya ba. Ya ce in kira su yadda na ga dama, in dai na san in ɗaya ta shigo ɗayar tana bakin ƙofa tana jira. Ni a raina guga nake ce masa. Guga ɗaya ne, yana sama yana ƙasa, a igiya ɗaya.

Ba su warkar da ni ba, kuma bai yi mini ƙaryar za su warkar ba. Sun yi mini allurai masu sa jiki nauyi. Sun sa mini wutar lantarki a kai sau shida, ta ɗauke mini sunayen wasu abokan yaƙi har yau ba ta mayar ba. Yanzu duk wata ina zuwa wurinsa. Ina da ƴar igiya a aljihu, duk safiyar da na tashi na san na yi barci sosai sai in yi ƙulli. In kwana uku suka wuce ba ƙulli, Idi yana da izini ya kama hannuna ya kai ni, ko ina rantsuwa lafiyata lau. Musamman ma in ina rantsuwa.

Hanya ta biyu ita ce Baba.

An gaya muku santsi ya ɗebe shi ya faɗa ramin gindin dutse. Wasu suka ce Doguwa ta tura shi. Shekara ashirin da biyar na bar ku da wannan. Ramin nan shi ya haƙa shi, ranar da ya tashi, yana waƙa. An ɗaure shi kamar Sallau. Ya yi ihu har murya ta mutu, sannan ya yi shiru. Aka ce ya warke, aka kwance shi, Inna ta yi guɗa. Da safe ya kira ni ya ɗaura mini wuƙarsa a ƙugu, ya shafa kaina, ya ce in kula da uwata. Fuskarsa a kwance kamar ruwan randa. Na bi shi daga nesa don murna, ina so in nuna masa na iya riƙe wuƙar. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin ramin, ɗaya kusa da ɗaya. Babu santsi, Yaya, ƙasa a bushe take. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina tsaye bayan sabara, ban yi ihu ba sai da ya wuce. Kafin mutane su iso na ɗauki takalman na jefa su ciki, don kada a ce shi ya so.

Don haka ki ji ni da kyau. Ihun da Sallau ke yi yanzu ba shi ne abin tsoro ba. Zai yi shiru. Ranar da ya yi shiru Kawu zai ce ya warke, a cire ƙarfe, kowa ya kama gabansa. Ranar ce. In ya fara magana a hankali, in ya ba wani abin da yake ƙauna, kada ya taka ko nan da can ba tare da ɗayanku ba. Ku cire marin tun yanzu ku sa mutum a madadinsa, ku yi karɓa-karɓa ke da Ladidi. Ku cike ramin. Na sa wata takarda cikin wannan, da Faransanci, lokotorona ya rubuta. Ku kai Sallau gidan likita na Dogon Dutsi ku ba wanda ke can. Wasan bori ban hana ba, rubutun Malam ban hana ba. Ku dai kada ku bar shi shi kaɗai.

Na nemi izinin zuwa, an ce sai an gama lodin gyaɗa. In na bar aikin na bar lokotoron, in zo muku mu zama biyu. Ki yafe mini.

Ƙanenki Maikano.

*

Dakar
Ƙarshen shekarar Nasara

Yaya Altine,

Ina gaishe ki. Wata biyu ke nan ba amsa. Mai ba da takardu a gidan waya ya san ni, tun daga ƙofa yake girgiza mini kai.

Ban sani ba ko takardar ta ɓace, ko ta iso a makare, ko kin ji ta kin ce ba ki da ƙane mahaukaci wanda ya ɓoye miki mutuwar ubanki. In na ƙarshen ne ba zan ce kin zalunce ni ba.

Guga yana ƙasa kwanakin nan. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina cin abin da Idi ya ajiye gabana. In na ga takalma a jere a ƙofar masallaci sai in kasa shiga, in yi sallata a waje kusa da masu talla.

Layi ɗaya ya ishe ni. Yana raye ko ba ya raye.

Maikano.

*

Unguwal Sabara
Tsakiyar sanyi, 1957

Yana raye. Na ce wa Malam Tukur ya fara da wannan kafin gaisuwa, ya ce ba a yin haka, na ce yau za a yi.

Ina gaishe ka, ƙanena. Takardarka ta ƙarshe jiya ta iso. Babbar kuwa tun da daɗewa Kawu ya karɓo ta a Dogon Dutsi, ya sa ta ƙasan akwatinsa, ya ce maganar Maikano ta isa haka nan. Ba wanda ya sani.

Sallau ya yi shiru bayan an gama kai hatsi rumbu. Kwana shida ba waƙa ba zagi. Ranar Alhamis ya ce a kira masa Kawu, ya roƙe shi gafara da murya a hankali. Kawu ya yi hawaye, ya kira maƙeri aka cire mari. Mata suka yi guɗa, ni ma na yi. Washegari da safe Sallau ya zo ɗakina ya cire layar wuyansa ya ba ni, ya ce in ajiye wa Fati, ya ce in riƙe Ladidi da amana. Na ce Allah ya dawo mini da ƙanena. Da hantsi Kawu ya miƙo mini takardarka ya ce, "Ungo. Yanzu da ya warke, a je a ji mi soja ke cewa."

Malam yana karantawa ina kukan Baba, har ya zo wurin da ka ce in ya ba wani abin da yake ƙauna. Layar tana hannuna, Maikano. Ban jira ƙarshen ba. Ban san ina da gudu a shekaruna ba. Ƙaya ta kama mini zane na bar mata gefensa.

Na same shi zaune a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki. Takalmansa a jere a gefe, ɗaya kusa da ɗaya. Ban yi ihu ba, na ji tsoron ihun ya tura shi. Na zauna kusa da shi na naɗe gefen rigarsa a hannuna sau uku.

Ya ce, "Yaya, mi kika zo yi?"

Na ce, "Tsaronka na zo."

Ya ce, "Ai kun tsare ni wata uku."

Na ce, "Wancan kuskure ne. Wanga shi aka ce mu yi."

Ya ce ya gaji. Ya ce ya rabar da abincin ɗiyarsa, ya ka da Kawu a kasuwa, ba shi da idon kallon kowa, duk garin nan shi kaɗai aka tsine wa. Sai na ce masa wansa ya hau saman mangaza ya kira jiragen teku su zo Dogon Dutsi. Ka yafe mini, sirrinka ne, amma shi kaɗai na samu a hannuna. Can ya ce, "Maikano?" Na ce, "Maikano." Ya ce, "To ta ina za su bi?" Bai yi dariya ba, amma ya fito da ƙafa ɗaya. Na ɗauki takalmin na sa masa. Sai ɗayar.

Ramin mun cike shi, ni da Ladidi da Talatu. Kawu da ƙafar nan tasa mai ciwo ya riƙa jan ƙasa a buzu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Mun kai Sallau gidan likita cikin kamyo, babbar motar kaya. Lokotoron ya karanta takardar sau biyu, ya wanke masa gyambon ƙafa, ya ba da maganin barci, ya ce a kawo shi duk wata, in ya tashi a kawo shi tun kwanakin farko, in ya fi ƙarfinsu akwai babban asibitin Yamai. Yanzu yana kwance yana kallon bango, amma kullum akwai mutum a bakin ƙofa. Ladidi ta rataye masa igiyar ƙulli a jikin ginshiƙi.

Zancen takalman Baba, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ba shi da laifi. Ban gaya wa kowa ba, Malam ma ya rantse. Kai fa, in Idi ya yi tafiya, wa ke tsaronka?

Yayarka Altine.

*

Dakar
Watan Rajab

Yaya Altine,

Ina gaishe ki gaisuwar da ba ta da iyaka. Da na karanta kalmomi biyun farko na zauna a ƙasa cikin gidan waya, har wani ya zo ya tambaya ko mutuwa aka yi mini.

Sirrin da kika faɗa wa Sallau kin kyauta. Ki ce masa ni ma har yau ban gano ta inda za su bi ba. Ki ce wa Kawu na yafe masa akwatinsa, shi ma ya yafe mini kalmata.

Na aiko da yadi, kamu shida, fari. A ɗinka wa Sallau riga, sauran ki mayar da zanen da ƙaya ta ci. In kun yanki ƙyalle kun ba ƴan bori ba zan tambaya ba.

Roƙona ɗaya. Daga yau kada a rubuto mini "ya tashi", kada a rubuto "ya warke". Ki ƙirga mini ƙullin igiyarsa, shi ke nan. Ruwan fari yana tafe, ki sa ido tun hadarin farko.

Kin tambayi mai tsarona. Idi yana nan, ga shi zaune gabana yana hararata. Tun da takardarki ta zo nauyin ya sauka daga ƙirjina. Teku ta yi mini kyau, kifin ma ya daina wari, jiya na tsinci kaina ina waƙa a ƙofar mangaza. Wataƙila murna ce irin ta kowa, ina da dalilinta. Ban iya bambance su ba, wannan shi ne abin da ciwon ya ƙwace mini wanda na san ba zai mayar ba. Igiyata kwana uku ba ƙulli. Na rantse wa Idi lafiyata lau, sai ya ɗauko takalmana ya ajiye mini gaban ƙafa. Zan rufe takardar nan mu biya ta gidan waya a kan hanyarmu ta zuwa wurin lokotoro.

In wani ya zo daga Dakar ya ce muku ya ga Maikano yana dariya, kada ki yi guɗa tukuna. Ki tambaye shi ko na yi barci.

Ƙanenki Maikano.